Tambaya da Amsa: Me ya haɗa ƙididdiga da fizik?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ina karatu a jami'a nan Damagaram. An fara mana darasin makanikin ƙididdiga, kaina ya ɗaure. Me ya haɗa ƙididdiga da motsin abubuwa?
Wata ɗaliba daga Birni

AMSA: Ƴata, yawa ne ya haɗa su. Ruwa giram 18, wanda bai cika finjalin shayi ba, ƙwayoyin da ke cikinsa sun kai 6 mai sifiri 23 a bayansa. Babu mahalukin da zai bi sawunsu ɗaya bayan ɗaya. Sai masana suka koma tambayar abin da taron yake yi. Maxwell ya fara a 1860, Boltzmann ya ɗora a 1877, Gibbs ɗan Amurka ya tsara fannin a 1902.

Ni a gaban mahaifiyata a Zengo na fara ganin abin, tun ban san sunansa ba. Takan zuba farar dawa da ja a ƙwarya ɗaya ta girgiza. Ko kwana za a yi ana girgizawa, farar ba za ta sake warewa gefe guda ba. Ba wata doka ce ta hana ba. Hanyoyin cakuɗuwa ne suka ninka na warewa nesa ba kusa ba. Ki watsa tsabar dala guda 100 a tabarma. Hanya biyu ce kacal za su faɗi duka a fuska ɗaya, amma rabi da rabi yana da hanyoyi kusan 1 mai sifiri 29. Wannan ƙirgen hanyoyin shi ne tushen antirofi, wato ma'aunin cakuɗuwa, shi ne S = k log W (S antirofi, W yawan hanyoyi, k adadi ne da ba ya canzawa) da aka zana a kabarin Boltzmann a birnin Biyena. Shi ya sa hayaƙin turaren wuta ke cika ɗaki, ba ya komawa kasko. Ina roƙonki, kada ki haddace alamomin nan kafin ki fahimci ƙirgen.

Zafi ma haka yake, matsakaicin ƙarfin motsin ƙwayoyi ne. Wasu na gudu, wasu na jan ƙafa. Ki dafa bayan randar gidanku a watan Afrilu, za ki ji danshi. Ruwan da ya tsatso ta jikin yumɓu, ƙwayoyinsa masu saurin ne ke tserewa cikin iska, su bar masu sanyin jiki. Matsakaicin ya sauka, ruwan ya yi sanyi, alhali waje zafi ya haura digiri 40.