Tambayi Kawu: Ina ake zuwa da daddare a Kano?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu, da fatan kana lafiya. Ni saurayi ne ɗan shekara 27 daga Gumel, wata uku kenan da na samu aiki a wani kamfani a nan Kano, na kama ɗaki a Hotoro. Damuwata ita ce in na yi sallar isha'i shikenan sai ni sai waya sai sauro, ga wuta ba kullum ba. Abokan aikina kullum da safe labarin inda suka je jiya suke yi, ni kuma ban san gari ba ga tsoron masu ƙwacen waya. Dan Allah ina mutum zai ɗan je ya sha iska ba tare da ya jefa kansa a wani hali ba? Ba ni da mota. Ɗanka daga Hotoro.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya sa albarka a aikin. Toh kai wurin zuwa ka tambaya, amma ni maganarka ta ƙarshe ce ta tsaya min a rai, wato ba ka da mota, domin a Kano fita da daddare ba wuya, dawowar ce aiki. Tun watan Janairun 2013 aka hana acaɓa a cikin birni bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, sannan a Yulin 2022 gwamnatin jiha ta sa wa 'yan adaidaita sahu doka kan su daina aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. Eh za ka ga ɗaya-ɗaya suna satar hanya, amma kuɗin da za su yanka maka sai ka riƙe baki, kuma ba kowanne ake faɗawa ciki ba, in ka ga mutum biyu a baya sun matsa maka wuri suna ta fara'a, ka ce musu Allah ya kiyaye hanya kawai.

Ni ma ta taɓa ci da ni. Na bi wani abokina gidan kallon ƙwallo nesa da unguwarmu, na manta lokacin sanyi wasan zakarun Turai sai ƙarfe 9 ake take shi, kafin a tashi sha ɗaya ta gabato, shi ya shige gidansu ni kuma na fito titi fayau ko kare babu. Wallahi a cikin safa na cusa wayata na tako har gida ina karanto duk addu'ar da na iya, washegari da ƙyar na yi ruku'u.

Saboda haka ka fara da inda ƙafarka za ta iya dawo da kai. Nemi teburin mai shayin layinku, wanda ke da benci biyu ko uku da fitila mai caji a rataye. Ka zauna ka ce a haɗa maka kauri, ka ga yadda yake sheƙa shi daga wannan kofi zuwa wancan ɗigo ɗaya bai zuba ba, indomi da ƙwai na ƙauri a kasko, can gefe ana ta musun Arsenal da siyasa. Kwana uku za ka yi a jere, na huɗu in ba ka zo ba sai an tambaya ina ɗan Gumel, kuma su ɗin ne za su faɗa maka lungun da ba a bi bayan goma, wanda ni daga nan ba zan iya lissafa maka na Hotoro ba.

Ranar Asabar kuwa in albashi ya shigo, fita da wuri, bayan magariba. Titin Gidan Zoo cike yake da masu tsire da balangu da gurasa bandashe, ga Ado Bayero Mall da aka buɗe a 2014, duk da Shoprite ta tattara ta bar wurin a farkon 2024. In so kake ka zauna a sanyin esi to Nassarawa GRA ta fi kusa da kai, sai dai ka tambayi farashi kafin ka ce a kawo, ba abin kunya ba ne. Mu a zamaninmu silima ce, Plaza a Fagge ko Marhaba, fim ɗin Indiya na awa uku, a fito ana rera waƙar da ba wanda ya san ma'anarta.

Na san cikin abokan aikin naka akwai masu labarin Sabon Gari, ba sai ka faɗa min ba. Can ma akwai wuraren cin abinci na mutunci, amma akwai mashaya, kuma giya haramtacciya ce a dokar jihar, Hisba na kai samame, in an zo kwasa ba a tsayawa tantance wa ya sha wa ya zo rakiya. Kai da ko wata shida ba ka yi a aiki ba, me ya kai ka.

Maganar waya, kar ka tsaya bakin titi kana latse-latse haskenta na dukan fuskarka, in kira ya shigo shiga shago ka amsa. In kuma Allah ya ƙaddara aka tare ka da makami, miƙa musu kar ka ja. Sannan ka samu lambar mai adaidaita ɗaya na unguwarku wanda mai shayi ya sani, tara da rabi ta yi maka a cikin kekensa.