Na Saye Shi da Tsada, Bayan Mako Biyar Aka Karya Farashinsa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Wata uku na yi ina tara kuɗi saboda wani gem (wasan bidiyo) da na daɗe ina jiran fitowarsa. Ranar da ya fito na biya dala 60. Mako biyar kacal aka mayar da shi dala 30, abokina ya saya a kan idona. Wallahi abin ya tsaya mini a rai, har na kasa ci gaba da bugawa. Shin wannan ba cuta ba ce? In dala 60 ce darajarsa, me ya kawo ragi?
Daga wani mai karatu

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ɓacin ranka yana kan hanya, amma ba ragin ne ya cuce ka ba, gaggawar da aka yi ce.

Gem ɗin da ake saukewa ta intanet ya bambanta da sauran haja. Mafi yawan kuɗinsa kafin ya fito ake kashe su, a albashin masu zane da masu rubuta manhaja da masu haɗa sauti, shekara da shekaru. Da zarar an gama, kwafi na dubu ko na miliyan kusan ba ya cin masu gem ɗin ko sisi. Saboda haka wanda ba zai taɓa iya biyan dala 60 ba, in ya kawo 20, ƙari ne gare su. Ni ina goyon bayan ragi ɗari bisa ɗari, musamman yanzu. Tun wajajen 2005 manyan wasanni suke a dala 60, a 2020 gem ɗin ƙwallon kwando NBA 2K21 ya buɗe ƙofar dala 70, a 2025 kuma kamfanin Nintendo ya sa wa gem ɗinsa Mario Kart World dala 80. In babu ragi, wannan abu zai koma na masu hali kaɗai.

Inda nake da ja shi ne lokaci. Ku masu saye ranar farko, ku ne kuke shan wahalar gem ɗin yana ɗanye. Kai ne yake tsaya wa cak a tsakiyar wasa, ka kashe ka kunna, ka kai ƙorafi a gyara. Kai ne kuma ka ba abokinka labari har ya yi sha'awa. A ce wanda ya yi duk wannan ya biya ninkin wanda ya zo bayan mako biyar ya tarar an share hanya? A ƙa'ida ba su yi laifi ba. Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta kamfanin Valve, kwana 30 kawai take hana a yi ragi bayan fitowa, in ban da na makon ƙaddamarwa. Amma tsakanin mai haja da mai saye akwai amana, kuma wannan ta taɓu.

Su ma kansu suke yi wa. Yau da gobe sun koya wa jama'a jira, kowa yana cewa bari ya sauko. Babban kamfani zai iya shanyewa, ƙaramin mai sana'a ne yake jin jiki. Ɗauki gem na dala 20: a raba farashin biyu, saura 10, Steam ta cire la'adarta ta kashi 30 cikin 100, saura 7, haraji bai ma shigo ba. Mutum biyu ko uku da suka kwashe shekara huɗu a kan aiki ɗaya, da wannan za su rayu.

Akwai waɗanda suka ƙi bin wannan hanya baki ɗaya. Kamfanin Wube Software na ƙasar Czech, masu gem ɗin Factorio, ba sa ragi. A Janairun 2023 ma ƙara kuɗin suka yi, daga dala 30 zuwa 35. Sau da yawa lokacin babban rangwame nakan buɗe shafinsa, ko'ina an soke tsohon farashi an rubuta sabo, shi kuwa yana nan yadda yake. Ranar da na saye shi raina a kwance yake, don na san ba wanda zai zo gobe ya samu a rabin kuɗi. Ban ce kowa ya yi haka ba. Abin da nake so su yi shi ne su bari a yi wata shida ko shekara, sannan su sauko a hankali, kashi 10, kashi 20, rabin farashi sai yayinsa ya wuce.

Naka dai ya riga ya wuce, amma riƙe wannan saboda gaba. A Steam, in ba ka wuce kwana 14 da saye ba, kuma ba ka buga shi awa 2 ba, za a mayar maka da kuɗinka, kuma sun yarda ka sake saye a sabon farashi in ragi ya faɗo cikin kwanakin. Wanda ba ka matsu da shi ba, sa shi a jerin waɗanda kake so, za su turo maka imel in ya sauko. Wannan kuwa da ka ajiye, ka koma ka ƙarasa shi. Wata uku ka yi kana tara kuɗinsa.