Wai da gaske roba da dutse suna tuna matsin da aka taɓa musu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni ɗalibin fizik ne aji biyu a jami'a. Wani malaminmu ya ce mana wai roba da ƙarfe har da dutse suna riƙe tarihin matsin da aka taɓa musu, ni dai abin ya ɗaure min kai, abin da bashi da ƙwaƙwalwa ta ina zai tuna wani abu? Don Allah a warware min.

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanena. Gaskiya malaminku ya faɗa, kuma da bakinka ma zaka iya gwadawa. Samu sabon balan-balan ka hura, zakaji hurin farko sai kumatunka sunyi ciwo, toh saki iskar ka sake hurawa, zakaga yanzu yana tafiya salin alin har sai ka kai girman da ka tsaya ɗazu, daga nan ya sake taurin kai. Kaga kenan robar ta riƙe iyakar jan da aka mata, kuma kai kana iya karanta wannan iyakar daga baya. Wani masanin roba a Ingila, Leonard Mullins, shine ya zurfafa binciken wannan tun wajen 1948, har yau da sunansa ake kiran abin.

Sirrin yana cikin hargitsin da ke cikin kayan. Roba dogayen zarurruka ne na ƙananan ƙwayoyin sinadari a cukurkuɗe, wasu gajeru wasu dogaye, babu wani tsari. Jan farko yana ɓalle gajerun ya zame wasu daga inda suka maƙale, in ka saki basa komawa daidai yadda suke, shi yasa ja na biyu baya haɗuwa da cikas sai ya wuce inda na farko ya tsaya. Abin da ƙwayoyinsa ke jere tsaf babu aibi, in ka matsa shi kaɗan ka saki komawa yake gurbinsa ɗaya tak, babu abin da zai rubuta. Shi kuwa mai hargitsi yana da yanayin zama bila adadin da zai iya tsayawa a kai, wanda ya tsaya a kai kuma ya danganta da abin da ya same shi a baya.

A 1950 Joseph Kaiser a birnin Munik na Jamus ya gano irin haka a ƙarfe, in ana jansa yana fitar da 'yan ƙananan sautuka da na'ura ke ji, amma in an sauke nauyin aka sake ɗorawa shiru zakaji har sai an zarce nauyin baya. Injiniyoyin ma'adinai suna amfani da wannan, su haƙo dutse su matsa shi a hankali suna sauraro, inda ya fara ƙara nan suke ƙiyasta matsin da ya sha a ƙarƙashin ƙasa.

Amma ni wanda yafi burge ni wallahi shine aikin Nathan Keim da Sidney Nagel a Jami'ar Chicago a 2011, da kwamfuta suka fara, a 2014 kuma aka tabbatar a gwaji tare da Joseph Paulsen. Ƙananan ƙwayoyi ne a cikin ruwa mai kauri ana murza su gaba da baya, gaba da baya. Da fari suna ta karo da juna suna sauya wuri, a hankali sai su samu zaman da babu mai taɓa wani indai murzar bata wuce wadda suka saba ba. In aka horar dasu da murza iri biyu, ƙarama da babba, na ɗan lokaci dukkansu suna nan ana iya karanta su, amma in horon ya daɗe sai ƙaramar ta ɓace babbar kaɗai ta rage. Sannan wani abin mamaki, in aka sa musu 'yar girgiza mara tsari, wadda kai zaka ɗauka ita zata goge komai, sai ta hana su lafawa gaba ɗaya, saboda haka ƙaramar murzar ma ta ci gaba da zama a rubuce.