Amsa kan halin manajoji da ƙasarsu

Salamu alaikum 'yan gida. Malam, na ji tambayarka, wai ƙasar mutum ce ke yanke irin manajan da zai zama? Ni dai na san inda ka dosa, Baturen nan ne na wajenku da ke tsare mutum da ido ya ce aikinka bai yi ba. To, tsaya ka ji.

Wani mutumin Holan ne, Geert Hofstede, ya tono maganar nan. Ma'aikatan kamfanin kwamfuta na IBM a ƙasashe daban-daban ya bi da takardun tambayoyi daga 1967 zuwa 1973, sama da 100,000. Cikin abin da ya auna har da tazarar da ke tsakanin oga da na ƙasa da shi. Malesiya ce a sama da maki 104, wato can tazarar ta fi yawa, Ostiriya can ƙasa da 11. Mu kuwa sai ya kwashi Najeriya da Gana da Saliyo ya zuba a kwando ɗaya, 77. Ka ji fa, Bakano da mutumin Saliyo wai duk ɗaya.

Amma al'ada ya auna, ba hali ba, kar a cakuɗa. Na hali shi ne gwajin Myers-Briggs mai raba halin mutane gida 16, wanda ya ci ni. A'a, ba gwajin ba ne ma, manajan ne. Inda na yi aiki an kawo mana wani Bature, kullum a taro sai ya ce wanda bai yarda ba ya yi magana. Ga sa'annin babana zaune a teburin, ni ne zan ɗaga murya? Sai na bari an tashi, na bi shi ofis, na nuna masa lissafin man janareta bai daidaita ba. Ya gyara, ya yi godiya. Ƙarshen shekara ya haɗa shirun nan da takardar gwajin da aka yi mini, ya rubuta wai ni miskili ne, ban iya jan mutane ba. Ƙarin girma ya tafi wajen wani sarkin surutu.

Abin haushin, a Japan wannan abin da na yi har suna gare shi, nemawashi, a bi mutane ɗaya bayan ɗaya a daidaita kafin a zauna taro. Can ƙwarewa ce. Ni kuma... kai, a bar maganar. Amma wallahi har na bar wajen nan, da lissafina ake sayen man janareton.