Amsar Baffa: gorar hoki da hannun hagu

'Yata, saƙonki ya same ni bayan sallar isha'i, na karanta ina ta dariya ni kaɗai har Hajiya ta leƙo ta ce ko lafiya. Kin ce kin shiga ƙungiyar ƙwallon gora ta makarantarku, malamin wasanni ya miƙo miki gora kika ce a ba ki ta bahagwai, ya ce ba a yin ta. Shi ne kike tambaya ko Turawa ma suna da al'adar nan tamu ta ƙin hagu, irin yadda kakarki take make miki hannu in kin kai hagu kwanon tuwo.

Malaminki gaskiya ya faɗa, amma ke kin haɗa abu biyu da hanyarsu ba ɗaya ba. Ci da dama sunna ce kuma ladabi ne. Ita kuwa gora, maganar tsare haƙora ce da ƙwauri. Ɗauko ta ki duba: gefe ɗaya a baje yake, ɗayan a dunƙule kamar bayan ludayi. Da bajajjen gefen da bakinsa kaɗai aka yarda a taɓa ƙwallo, da kin sa bayan alƙali zai busa usur. Tunda gorar kowa fuskarta ɗaya, duk wanda ya zo ƙwace ƙwallo ya san ta inda bugu zai fito, sai ya kauce. Ki saka mutum ɗaya mai gora a juye cikin mutum ashirin da biyu, kafin a tashi wani ya tafi asibiti ɗinki.

Abin da na so a ce malamin ya ƙara miki shi ne, ke ce da riba. Hannun hagu ne a saman gora, shi ke murza ta. Na dama yana ƙasa a sake, kamar zobe, gorar na juyawa a cikinsa. Duk jan ƙwallon nan da ake yi, a kai ta dama, a kifa gora a dawo da ita hagu, aikin wuyan hannun hagu ne. Jan Indiya muke ce masa, don 'yan Indiya da Pakistan ne suka gwanance a kai. Indiya ta ci zinare a gasar Olamfik sau shida a jere, daga 1928 zuwa 1956, ukun farko da Dhyan Chand a cikinsu. Mu na-dama sai da muka shafe zango guda hannu na ciwo kafin hagunmu ta yi laushi. Ke an haife ki da ita.

Sauran dokokin ma, in kin bi diddigi, yawancinsu daga taurin ƙwallon suka samo asali. Nauyinta wajen giram 160 ne kawai, amma dutse ce. Ina aji biyu a makarantar kwana, lokacin hunturu, fili ya bushe ƙayau, wani babban yaro ya ɗirka mini ita a ƙwauri. Tabon na nan har yau, in kin zo hutu zan nuna miki. Kuma ni aka busa wa laifi! Domin ƙafa ba ta tare ƙwallo a wasan nan, mai tsaron gida kaɗai aka yarje wa, shi ma a cikin da'irarsa. Ba a ɗaga ƙwallo cikin mutane yadda za ta ji wa wani, ba a dukan gorar abokin hamayya, ba kuma a kare ƙwallo da jiki kamar yadda 'yan ƙwallon ƙafa ke juya wa mutum baya. In an ba da bugun laifi, abokan hamayya su ja baya mita 5.

Da'irar nan ita ce zuciyar wasan. Rabin kewaye ne a gaban raga, yadi 16 daga gida, a filin da tsawonsa yadi 100 ne, faɗinsa 60. Ko kin narka ƙwallo daga tsakiyar fili ta shige raga ba a ci ba, sai in wani ɗan wasanku ya taɓa ta a cikin da'irar. In masu tsaron baya suka yi laifi a ciki, sai a ba da gajeriyar kwana: su biyar, har da gola, su tsaya bayan layi, a turo ƙwallo ta fita da'ira, a mayar da ita ciki sannan a buga. Bugun farko, in duka ne, kada ya wuce tsayin katakon da ke ƙasan raga, santimita 46. Nan ma dai kin ga kan mutane ake karewa. Alƙalai biyu ne, kati uku: kore minti 2 a waje, rawaya aƙalla 5, ja kuwa sai gida.

Tunda al'ada kika tambaya, bari in faɗa miki wadda na yi kewa. A zamaninmu ba da turi ake fara wasa ba. Mutum biyu ke fuskantar juna a tsakiya, ƙwallo a tsakaninsu, su taɓa ƙasa su gwara gora, har sau uku, sannan kowa ya kai wawura. Kamar gaisuwar 'yan dambe kafin a zuba. Yanzu sai in an tsayar da wasa ba laifin kowa ake yin ta, shi ma gwarawa ɗaya. Satar gida an soke ta tun shekarun 1990. Mu minti 35 sau biyu muka sani, ku kuma minti 15 sau huɗu. Babban sauyin shi ne ciyawar roba, wadda aka fara wasan Olamfik a kanta a Montreal a 1976. Wasan ya ƙara sauri, na yarda, amma fili ya yi tsada, ƙasashen da ba su da kuɗi aka bar su a baya. Ina ganin yana cikin abin da ya sa hoki ya ja baya a makarantunmu.

Akwai kuma abin da ba ya cikin littafin doka amma an koya mana shi da bulala: in ƙwallo ta taɓa ƙafarki alƙali bai gani ba, ki ɗaga hannu. In kin ji wa wata ciwo, ki tsaya ki yi mata sannu ko da kuna gab da ci.

Zan aiko wa babanki kuɗi ranar Juma'a, a saya miki abin kare ƙwauri da robar haƙora, kada ki ƙara shiga fili babu su. Kullum da yamma ki jera duwatsu shida a tsakar gida ki riƙa ratsa su da ƙwallo, hagu kaɗai na murzawa. Ki gaida mutan gidan. A gaban kakarki kuwa ki ci gaba da cin tuwonki da dama, don ni ba zan iya raba ku ba.

Baffanki.