'Yan tsakina suna atishawa, idanunsu sun kumbura

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. 'Yan tsakina 'yan mako shida ne. Idanunsu suna ruwa da kumfa, wasu har ido ya manne, da dare kuma ina jin suna gurnani kamar minshari. Na zuba musu amoxicillin a ruwa, babu sauƙi. Me ke damunsu?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sawwaƙe. Kafin a yi maganar magani, ki durƙusa cikin akurkin, ki kai fuskarki daidai tsayin kajin. Idan warin kashi ya yi miki yaji a ido, to iskar ammoniya daga jiƙaƙƙen buntu tana ƙona musu ido da maƙogwaro, ita ce ke buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa. A kwashe, a zuba busasshe, a bar iska ta riƙa shiga ko da ana hunturu.

Daga nan ki ɗauki guda ɗaya, ki matsa gefen hancinta a hankali. In majina mai kauri da ɗoyi ta fito, ƙasan ido ya kumbura suntum, kuma cutar ta game garken cikin kwana biyu zuwa uku, wannan koriza ce, wato murar kaji mai saurin yaɗuwa. Amma kumfa a ido, gurnanin dare da yaɗuwa a sannu sun fi kama da maikoplasma, wata ƙwayar bakteriya mai kama hanyoyin numfashin kaji, kuma ita na fi zargi a nan. Wannan ƙwayar ba ta da bangon da amoxicillin ke fasawa, shi ya sa kika yi ta zubawa a banza. Tylosin ko doxycycline ne ke kama ta. Tana kuma bin ƙwai daga uwa, don haka ta yiwu da ita kika sayo su. Wata bakteriyar mai suna E. coli takan hau kanta, nan ne mutuwa ke yawa.

Idan kika ga koren zawo, murɗewar wuya da mutuwa tuli-tuli, a daina zancen bakteriya, a yi zargin Newcastle, cutar ƙwayar bairas wadda waɗannan magunguna ba sa taɓawa.

Ido kaɗai ba ya yanke hukunci. Ki ware marasa lafiyar yau, ki goge musu ido da ruwan gishiri mai ɗumi-ɗumi, ki kai biyu masu rai da wadda ta mutu yanzu-yanzu wurin likitan dabbobi ya buɗe. In da hali a tura samfur cibiyar binciken dabbobi ta Vom, kusa da Jos. Waɗanda suka warke suna ɗauke da ƙwayar har ƙarshen ransu, kada ki haɗa su da sabbin tsaki.