Amsa: Wa ya fara fassara Manifesto na Kwaminis zuwa Turanci?

Ɗan'uwa, ka tambayi wanda ya fara mayar da littafin nan na Karl Marx da Friedrich Engels, Jamusawan da suka shahara a aƙidar kwaminisanci, Turanci. Mace ce, Helen Macfarlane, 'yar Sikotland, haifaffiyar 1818. Gidansu masu masana'antar buga zane a atamfa ne, amma suka karye, ta koma koyar da 'ya'yan masu hali. Tana Biyana, babban birnin Ostiriya, lokacin juyin juya halin 1848, abin da ta gani can ya sauya mata tunani.

A 1850 fassarar ta fito a jaridar Red Republican ta George Julian Harney. Yawancin sauran rubuce-rubucenta kuwa da sunan namiji take sa hannu, Howard Morton, shi ya sa aka daɗe ba a ba ta haƙƙinta ba, abin takaici. Daga baya ta auri limamin coci, ta rasu a 1860.